Kabarin Iska na Vinh

Tsibirin Ly Son,
Bayan girbin tafarnuwa.

Zuwa ga ƙanwata Nhan,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara a can Darwin. Mai Sama ya ƙara miki lafiya, kakanni su tsare ki. Mu nan da sauƙi. Inna gwiwa ta matsa mata, amma kin san ta, har yanzu sai ta ɗauko yashi daga bakin teku ta zuba a gona. Na hana, ta ce wai ni ce tsohuwar, ba ita ba.

Nhan, na yarda an yi wa ɗana Vinh kabarin iska, irin na wanda ba a ga gawarsa ba. Tun da jirgin kamun kifinsu ya ɓace bara nake ƙi, don uwar da ta binne yumɓu a madadin ɗanta ta sallama ke nan. Maƙwabta suna ta yabona, wai matan tsibirin nan ƙarfe ne. Yabon nan ya ishe ni, na gaji har cikin ƙashina. Inna ce ta karya ni. Muna ɓare tafarnuwa ta ce ita ma haka ta yi taurin kai a kan Baba da ruwa ya tafi da shi, amma mamacin da ba shi da kabari ba shi da ƙofar shigowa gida, sai ya yi ta gararamba a kan ruwa yana jin sanyi. Ta tambaye ni ko so nake yaron da ko barci ba ya yi babu bargo ya dawwama a haka. A nan na yarda.

Tsohon da ke gina mutum-mutumin da ake binnewa a madadin gawa ya zo da yumɓunsa da rassan da ake sa wa a matsayin ƙashi. Ya tambayi kamanni, na faɗa masa har da tabon wuƙar da ke babban yatsan Vinh. Da ya gama sai na ga ya sa tabon a hannun dama, don ya ji ɗana bahago ne, a dama yake riƙe kifi in yana yanka, amma wannan yankan ni na yi masa a hagu yana ƙarami, garin ƙwace wuƙa. Gwaggo Sau ta ce in bari, yumɓu ne kawai. Na ce in yumɓu ne kawai, me ya tara mu? Na shafe tabon da yatsana, na zana shi inda yake. Yumɓun da sanyi, Nhan. Na riƙe hannun nan na kasa saki, sai da Inna ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa na rubuto miki. Kada ki aiko da komai, kada kuma ki ce min jaruma. Ki dai kunna masa turare, yanzu yana da inda zai ji ƙamshinsa.

Ki gaida maigidanki Quy, da yara, Diem da ƙaramin Loc. Inna da Gwaggo Sau suna gaishe ku.

Yayarki da ke kewarki,
Lua