Muryar Inna da Ka Matse

Ya hasken idona, sanyin inuwata, farin watan da ba ya leƙowa daga ɗakin haɗa sauti sai ya ji ƙanshin abinci!

Baban yara, ka tuna ranar da na fara shiga ɗakin nan naka mai bangon soso? Ka zare hedifon daga kunnenka, ka ce muryata ruwan sama ce a kan kwano. Na yarda, don a lokacin ba ni da wayo. Ashe kai ko ruwan sama ka samu sai ka rage masa ƙara!

Kaset ɗaya tak Inna ta bar mana kafin ta rasu. Na damƙa maka shi hannu bibbiyu, na ce ka juye a kwamfuta. Juyewa kawai! Sai ka zuba tsohuwa a manhajarka, ka raba muryarta gida huɗu, daga mai kauri har siririya, kowane gida ka gindaya masa iyaka, wanda ya ɗaga kai ka danne shi. Gurnanin da take yi kafin ta fara faɗa, ka danne. Shewar da ke korar kaji daga tsakar gida, ka danne. Har kana murmushi kana cewa, “Uwargida, ji yadda ta zauna daidai.” Yaushe Inna ta taɓa zama daidai?

Da na kunna wa Yaya, ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Wace baiwar Allah ce wannan mai karanta labarai?” Uwarsa fa! Ban yi kuka a gabansa ba, sai da ya tafi.

Ya sanyin idona, tauraron injiniyoyi, shekara ashirin da biyu nake ƙaunarka, kuma ban taɓa raba ka gida huɗu ba. Da minsharinka da gardamarka na karɓe ka, a dunƙule.

Kaset ɗin yana aljihun teburinka na hagu, na gani. Ranar Asabar ƙannena za su taru su ji ta. Ka sake juyewa, ka ɗauke hannunka daga kowane maɓalli. Ka bar mata tarinta, ka bar shuuu ɗin kaset, ka bar ta ta yi mana tsawa.

In ka ƙi, muryar da ka danne tana nan a maƙogwarona, gadonta na ci, kuma ba ta da maɓalli.

Taka har numfashi ya ƙare, da ƙarfin murya,
Uwargidanka