Inna, Mota Ta Tsaya A Ƙofar Gidanki

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi irin na ɗa ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ni'ima, Ya sa makwancinki ya fi ɗakinki na duniya yalwa da sanyi. Na san ko kina raye sai an karanta miki, kuma na san masu leƙe ta kafaɗata a waya za su riga kowa gani. Su karanta, ba komai, ai ba sirri ba ne. Amma da ke nake.

Labari na kawo miki. Kin san halin dillalin kifi, ba ya buɗe kwali ta inda ya kakkarye. Ki yi haƙuri in fara ta inda yake da kyau.

Kin tuna jinga? Tudun ƙasar nan da kakanni suka tara da hannu, ya tashi daga bayan maƙabarta ya bi gaɓar kogi har ya haɗu da kwaltar da ta zo daga Guri za ta Haɗejiya. Kowace bazara sai a kira gayya. Maza da kwanduna da shebur, ku kuma da tukwanen kunu. A toshe ramukan ɓera, a ƙara mata tsayi, a daddanne. Ita ce katangarmu, ita ce kuma titinmu. Ƙafa da tayar keke sun daɓe bayanta har ya yi sulɓi kamar tsakar ɗakin amarya. Damina ta kai damina, ruwa na hagu yana harararka, shinkafa na dama tana kaɗa kai, kai kuma kana tsakiya kana taka feda da fito a baki. Faɗinta bai isa keke biyu ba, shi ya sa idan an haɗu ƙarami ke sauka ya ba babba hanya. Babu wanda ya rubuta wannan doka, ban kuma taɓa jin wanda ya karya ta ba.

A kan jingar nan kika ɗora ni. Shekarar da na bar makaranta kika sayar da ragon da kike kiwo, aka kawo wani keke na hannu mai baƙin fenti da faffaɗar kariya. Ina tsaye a wurin kamar ba ni ba, kika dubi ƙaninki Kawu Ado kika ce, ka gaya wa wancan, na kifi ne, ba nasa ba. Ni ne ɗan fari. Ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa yarda an ga kin ba ni abu da hannunki ba. Sai kika laɓe a bayan tarwaɗa. Kina banda a bayan ɗaki, hayaƙi na cin idonki, ni ina ɗaure kwali a kariya in kai kasuwa. Da wannan keken na koyi ciniki, da shi na koyi rantsuwar da ba ta kama mutum, da shi na yi aure.

Amma ke ba keke ne burinki ba. Duk ranar da na dawo da ƙafar wando cike da baƙin man sarƙa sai ki taɓe baki ki ce, kafin in mutu sai na ga mota ta tsaya a ƙofar gidan nan, ko da ta kwasar taki ce. Mata su yi ta dariya. Ke ba kya yi.

Da ciwo ya kama ki, ni na kai ki asibitin Haɗejiya. Na ninka zani na shimfiɗa a kariya, kika zauna a karkace kika riƙe ƙarfen ƙarƙashin sirdi, don kunya ba za ta bar ki ki taɓa ni ba. An yi yayyafi da safen. A daidai kwanar goruba tayar gaba ta zame, sai na ji kin cafki rigata ta baya. Ba ki saki ba, Inna. Na rage gudu da gangan, yau nake gaya miki. Sai da muka hau kwalta kika saki, kika ce iska ce ta yi yawa. Har yau idan na sa hannu a bayana ina jin wurin.

Da rani kika tafi. Muka kai ki gefen maƙabarta na tudu, kusa da kanyar nan, jinga tana bayanki tana gadi. Na koma gida da cewa ko ba komai na kwantar da ke a inda ruwa ba ya zuwa.

To ga inda kwalin ya karye.

Ba a daɗe da rasuwarki ba zaɓe ya matso, sai ga mutane da hulunan roba da abin awo mai ƙafa uku. Aka kafa wani allo ya fi ƙofar masallaci girma. Aka ce gwamnati ta ware kuɗi, za a yi mana titi har cikin gari. Aka ce bisa jinga zai bi, don nan ne ƙasa ta fi ƙarfi. Za a baje ta ta yi faɗi, a jibga jan ƙasa har ta fi da tsayi, a sa kwalbatoci, a malala kwalta. Wa zai ƙi? Mace mai naƙuda za ta ƙi, ko mai shinkafar da ke ruɓewa a rumbu? Aka yi kiɗa, aka yanka sa. Ni kaina da na ga gireda ta shigo sai da na ce ina ma Inna. Kawu Ado ne kawai bai je ba. Ya zauna a gindin goruba yana kallon ƙarfe yana tura aikin kakanninsa gefe guda kamar ana share toka.

Inna, a kasuwar kifi akwai wani mai saye da muke tsoro ya fi ɓarawo. Zai zo da babbar riga da ƙamshin turare, ya sa a zazzage masa kwali a tabarma. Ya jujjuya, ya kakkarya kawuna wai yana duba ƙwari, ya yaba, ya ce duka zai kwashe. Sai wayarsa ta yi ƙara, ya ce yana zuwa. Ba ya dawowa. Kifi bai sayu ba, kuma ba ya komawa kwali yadda ya fito.

Haka aka yi mana. An baje jinga, an zuba jan ƙasa daga bakin kwalta zuwa inda idon mai wucewa a mota yake iya kaiwa, aka jefa ƙuri'a, aka ɗora gireda a bayan tirela. Kwalbatocin da aka kawo suna nan a yashe a gefen gona, awaki ke shan inuwa a ciki. Ofis ya ce ya biya, ɗan kwangila ya ce bai gani ba. Ni da nake tsakanin mai kaya da mai saye kullum, na san idan mutum biyu suka haɗa baki wajen musanta juna, to na uku ne aka ci.

Kuma kada ki ɗauka an manta da mu. Duk shekara idan ana karanta kasafin kuɗi a rediyo sai na ji sunan hanyarmu. Ta fi ni suna yanzu. An ware mata, an sake ware mata, an ƙara mata saboda tsadar kaya. Da kuɗi na tafiya da ƙafarsa, da tuni ya gaji da zuwa garinmu.

Ruwa dai ba ya sauraron rediyo. Daminar farko ya zo ya tarar babu mai tare shi, ya haye ya kwanta cikin shinkafa har ta ruɓe. Abin da aka kira titi ya zama taɓo mai danƙo. A da ina hawan keke in ɗora masa kaya, yanzu laka ke cushe tsakanin taya da madigadi, in sauka in saɓa shi a kafaɗa kamar mai ɗauke da maras lafiya. Wani wurin sai kwale-kwale, shi ma ciyawar kacalla ta toshe masa hanya. Ɗan acaɓa idan ya yarda ya zo, abin da zai nema ya fi ribar kwalin. Kifi ya isa kasuwa ya sha danshi, a taya shi tayin wulaƙanci, ni da nake yi wa wasu ciniki in rasa bakin kare nawa.

Mun gwada gayya. Amma wa za a kira? Samarin da ke ɗaukar kwando sun watse birane suna acaɓa a kan titunan wasu. Mu da muka rage muka cika buhuna da ƙasa muka jera. Abin da aka baje da injin ba ya taruwa da tafin hannun tsofaffi. Har wani ya zo daga ofis ya ja mana kunne, wai kada a sake tona wurin, aikin gwamnati ne.

Ga abin da zai ba ki dariya, ke da ba kya dariya. Tun da man fetur ya fi ƙarfin talaka, duk wanda ya rataye keke a zaure ya sauko da shi. Mai faci ya zama alhaji. Sai kuma na ji wani babban mutum a rediyo yana cewa a koma hawan keke, yana ƙara lafiya, har an ware kuɗi za a zana wa masu keke layinsu a babban birni. Na gan su a waya, Inna. Manya masu tumbi, kowa da hula kamar an kife masa ƙwarya, suna taka feda a kan kwalta mai sheƙi, mota mai jiniya na bin su a baya ko wani zai gaji. Mu da muke da hanyar kekenmu tun kafin a haife su, ba fenti ba allo, ita aka baje.

Daminar bara ruwa ya shigo gari. Bangon ɗakinki na baya ya zauna a hankali kamar tsohuwa ta gaji da tsayuwa. Murhun bandarki ya narke, na kasa gane inda yake. Muka bar gidaje muka ruga maƙabarta da buhuna. Gefen gangare ya tafi duka. Da ruwa ya janye muka tarar kaburbura sun lotsa, muka yi ta cikawa ba mu san wa muke rufewa ba. Naki ya tsira. Ruwan ya zo har gindin kanya, ya yi layi da ciyayi da kumfa dab da ƙafafunki, ya tsaya. Na daɗe ina kallon layin nan. Na san ba haƙura ya yi ba, alama ya sa.

Saude, uwar 'ya'yana, ta ce ba za ta ƙara damina tana ɗauke da takwararki a wuya ruwa na dukan ƙirjinta ba. Na kama hayar ɗaki biyu a Haɗejiya. Kawu Ado ya ce ba inda za shi, dole a bar wanda zai riƙa yi muku sallama, ku da ke maƙabarta.

Shekaranjiya muka tashi. Yanzu ƙasa ta bushe ta yi tauri, sai na samu wata tsohuwar a-kori-kura direbanta ya yarda ya shigo. Ina tsakar gida na ji gurnaninta. Ta bi ta kan gawar jinga tana tangaɗi, ta ratsa ta gaban masallaci, ta zo daidai dakalin da kike zama kina tsinar kifi, ta ja birki. Har ƙaho direban ya danna.

Inna, mota ta tsaya a ƙofar gidanki.

Matan da suka yi miki dariya, waɗanda suka rage, sun fito sun tsaya a bakin zaurukansu. Muka loda gadonki na ƙarfe, da turminki, da ƙyauren ɗakin, muka ɓamɓare kwanon rufi muka ɗora a sama. Kin ce ko da ta kwasar taki ce. Ta kwasarmu ce ta zo.

Direba ya so ya ɗaure keken a kan kaya, na hana. Na ce su yi gaba. Na hau na bi ta wajenki, na jingina shi da kanya na tsuguna. Na karanta abin da na iya. Na ƙara buhuna a kan na bara, ina ƙarawa ina sane da cewa na bara ma ba su suka tsare ki ba. Na so in ce miki zan riƙa zuwa kowace Juma'a, sai na tuna ba a yi wa uwa alƙawarin ɗan kwangila. Zan zo muddin taya na juyawa. Idan laka ta kama ta zan saɓa keken in zo. Idan ruwa ya rufe kanyar nan, ban san inda zan tsaya in yi miki sallama ba.

Da na hau zan tafi, a kwanar goruba, tayar gaba ta zame cikin yashi. Na jira a kama rigata.

Gabas ta fara haɗa hadari, Inna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki. Allah da Ya tsaga teku Ya bar tsakiyarta a bushe, Ya ce wa ruwan bana ya kauce miki, don mu mun kasa. Idan kuma Ya ƙaddara ya bi ta kanki, Ya sa ya zame miki sanyi, Ya sa ba kya nan, kina can inda ƙoramu ke gudana ba sa cin gidan kowa. Waɗanda suka baje mana jinga kuwa, Ya nuna musu hanya, ita ce ba su nuna mana ba. Amin.

Ni ne,
wancan,
mai riƙe miki keken kifi.