Baffana Ya Riƙe Shanun Aurena Sai Kwamfuta Ta Yi Magana

Mama Thokozile, don Allah ki fitar da ni daga duhu, kaina ya ɗaure.

Shara nake yi a wata jami'a nan Durban, sashen masu binciken kwamfutar da suke kira kwantum. Karatuna bai wuce aji bakwai ba, amma ina da kunne. Wata rana na ji ɗalibai suna gardama wajen shan shayi, wani ya ce nan gaba za ta riƙa sanin abin da zai faru, wani ya yi masa dariya. Da na je gida Kirsimeti bakina ya ja mini, na ce a wurin aikinmu akwai na'ura mai ganin gobe.

To, baffana Mzwakhe ne ke riƙe da shanu goma sha ɗaya da mahaifina ya bari don lobola, wato sadakin da ake biya da shanu, in na tashi aure. Na yayana an kai, auren ya mutu cikin shekara biyu, ko ƙaho bai dawo ba. Yanzu baffa ya ce ba zai tura wakilai gidan su budurwata Nomvelo ba sai na tambayo na'urar ko aurenmu zai ɗore. Wata huɗu ke nan ina ce masa layin masu tambaya da tsawo.

Ni kuwa ko ganinta ban taɓa yi ba, ashe tana ƙetare, daga nan suke aika mata lissafi. Na tambayi wani ɗalibi, ya ce a cikinta abu kan zama e kuma a'a lokaci guda, sai an duba. Wannan zan kai wa baffa? Kuma na lura babban malaminsu sau biyu ruwa yana yi masa duka, lemarsa tana ofis. Nomvelo ta fara gajiya. In ƙirƙiro amsa, ko in jira na'urar ta kai ga sanin gobe?

Mai tsintsiya, Durban

Ɗana, kada ka jira, kada kuma ka ƙirƙira. Na'urar lissafi ce. Masana na fatan ta taimaka wajen haɗa magani, wataƙila har hasashen yanayi, amma hasashe daban, sanin gaibu daban.

Baffanka ba rigima yake nema ba. Amanar ɗan'uwansa ce a hannunsa, kuma ya taɓa ƙonewa a auren yayanka. Ka je da ƙafarka ka ce masa cika baki ka yi. Zai yi faɗa, ka haɗiye. Sannan ka roƙi a bi yadda aka saba: gwaggonninka su binciki gidan yarinyar, a kai shanu shida, saura a hankali, ai ba a gama lobola rana ɗaya.

Nomvelo kuma ta ji dalilin jinkirin daga bakinka kafin wani ya riga ka. Yadda za ta ɗauki maganar zai nuna maka mafi yawan abin da baffa ke son sani. Allah ya sa a yi da mu.