Gorar Awo da Gurbina a Ƙarƙashin Kwando

Zuwa ga Malam Yahuza, Shugaban Ƙungiyar Ƙwallon Kwando ta Samarin Unguwarmu, Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Isiyaku mai gyaran keke na bakin kasuwa, wanda ka cire daga ƙarƙashin kwando ranar Asabar ɗin da ta wuce. A gaban jama'a ka yi, shi ya sa na ba da wannan takarda a liƙa a ƙofar ɗakin ajiyar kayan wasa, kowa ya karanta. Ba raini ba ne, Malam. Abin ne ya tsaya mini a rai.

Na farko, bari in gaya maka yadda filin nan ya samu, tunda bara ka dawo daga karatu a Kaduna ka tarar da shi a share. Shekaru kaɗan kafin zuwan Sarauniyar Ingila, Mista Okafo mai kantin yadi ya ga ɗalibai suna wannan wasa a makarantar Kongo ta nan Zariya, ya sayo ƙwallo ya kawo mana. Ba wanda ya san dokarsa sosai. Abokina marigayi Tanimu maƙeri ya lanƙwasa ƙarfe ya yi mana zobe, ni na kawo tsohon ƙyauren shagona aka yi allo. Da aka zo kafawa, sai aka rasa wanda ya san tsawon da ake sa shi. Shawarar da muka yanke ita ce in hau garwar kananzir in miƙa hannu, inda yatsana ya kai, nan Tanimu ya buga ƙusa. Wallahi haka aka yi, muna ta dariya, Okafo yana riƙe da garwar don kada in kifa. Allah ya jiƙan Tanimu. Kowace la'asar a wancan lokaci sai ka ji kamar ranar Salla, ƙafa ba takalmi, ƙura har gashin ido, mai ƙosai tana jiranmu a gefe. Ina kewar waɗannan kwanaki ƙwarai.

Na biyu, da ka zo ka ce zobenmu ya yi ƙasa, ban yi musu ba. Gaskiya ka faɗa, mu ne muka yi shirme. Ka kawo sabon zobe, ka ɗaga shi inda doka ta ce, ka zana layuka da farar ƙasa, ka koya mana cewa ba a rungumar ƙwallo a ruga da ita kamar an saci kaza. Duk wannan mun gode. Ni da hannuna na riƙe maka tsani.

Na uku, ga inda muka rabu. Ranar Asabar ka zo da gora mai tsaga a daidai ƙafa shida, ka jera mu kamar masu neman aikin ɗan doka, ka ce wanda kansa bai kai tsagar ba, ba zai ƙara tsayawa a ƙarƙashin kwando ba. Ni kuwa saura kusan taƙi guda in kai. Ka ba Bala Dogo, ɗalibin nan na Kongo, gurbina, ka tura ni gefe wajen masu gudu da jifa daga nesa. Yaran da na koya wa riƙe ƙwallo suka sunkuyar da kai. Na ji kunya, Malam, irin wadda ban taɓa ji ba a filin nan.

To, tsakani da Allah, me zan yi a gefe? Ni ba ni da gudu, gwiwata ta hagu ma ta fara ƙara kamar tsohuwar sarƙar keke. Jifan nesa kuwa, in na jefa goma, a yi sadaka in ɗaya ta shiga. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da Allah ya ba ni faɗin ƙirji ne da nauyin ƙugu. Idan na kafa ƙafa na juya wa mutum baya, sai dai ya zagaya. Kuma na san ƙarfe. Tun ƙwallo tana sama nakan gane ta inda za ta faɗo in ta bugi zobe, in riga kowa zuwa wurin. Dogayen ma'aikatan jirgin ƙasa da muka sha karawa da su, je ka tambaye su wane ne ke hana su sakat. Gorarka ta auna daga ƙafa zuwa kai, amma ba ta auna daga kafaɗa zuwa kafaɗa ba.

Na huɗu, kada a ce hassada nake yi wa Bala. Yaron kirki ne, yana gaishe ni har ƙasa, kuma hannunsa yana kai inda nawa ba zai taɓa kaiwa ba. Sai dai siriri ne kamar sillen kara, da an taɓa shi ya yi gefe, kuma yana tsalle tun ƙwallo ba ta yanke shawarar inda za ta ba. Ni ban ce lallai sai ni kaɗai a tsakiya ba. Tun da aka ɗaga zobe na san zamanin da nake zura ƙwallo a kan kowa ya wuce. Shawarata ita ce ka bar Bala a gindin kwando, ni ka tsayar da ni kusa da shi, taku biyu zuwa uku a gabansa. In tare masa mai ƙarfinsu, in tsinci wadda ta dawo, in miƙa masa ya zura. A shekara guda zai koyi abin da ni na yi shekaru ina shan gula kafin in gane.

Malam, wasan da za mu yi da samarin unguwar Kwangila bayan Salla shi ne na ƙarshe a gare ni. Gwiwa ta riga ta yanke hukunci, uwargida ma ta sa baki. Ba na son in gama a bakin layi ina kallon wurin da na tsaya tun ranar da aka buga ƙusar farko.

Don haka roƙona biyu ne. Ranar Asabar mai zuwa ka ajiye gorar, ka sa mu yadda na faɗa, ka yi ta jifan zobe da kanka ka ga wanda ke saukowa da ƙwallo. Gani ya kori ji. Idan na gaza, ni da kaina zan cire rigar in miƙa wa wanda ka zaɓa, kuma zan ci gaba da yi muku facin ƙwallo da ba ta iska kamar kullum, ba ko anini.

Idan kuwa ka ga ko gwajin ma bai kamata ba, to zoben Tanimu yana nan yashe a bayan ɗakin ajiya, ciyawa ta fara rufe shi. Ka ba ni shi in rataya a ƙofar shagona. Mu biyu ne aka auna aka ce ba mu kai ba, gara mu zauna wuri ɗaya.

Allah ya ƙara maka basira da haƙuri da mu, ya raya maka zuriya, ya sa ƙungiyar nan ta fi ƙarfin zamaninmu.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isiyaku Mai Gyaran Keke,
Tudun Wada, Zariya.