Farantin Baƙi na Asabe

Daren Laraba, Kiru

Yau kwana uku muna bitar yadda za mu koya wa ɗalibai horar da kwamfuta ta gane abu da kanta. Ni aikina ta bambance wake mai kyau da mai ƙwari. Na bi komai daki-daki. Mai kyau na ɗauki hotunansa a farantin da Asabe ke ajiyewa don baƙi tun aurenmu, mai ƙwari kuwa a kan tsohon buhu, don wa zai zuba shi a farantin baƙi?

Wajen gwaji sai Malam Garba na Doguwa ya ɗora makullin babur ɗinsa a farantin. Kwamfuta ta ce wake mai kyau ne.

"Malam Lawan, a dafa mana da manja!" in ji shi. Dariya har mai gadi sai da ya leƙo.

Malamar bita ta ce faranti na koya wa kwamfutar, ba wake ba, in dawo da shi gobe za ta koyar da kowa da shi. Ban san yabo ne ko ba'a ba. Asabe dai ta kulle farantinta a kabad, ta ce ko gwamna ne ya aiko ba ya fita. Bitar kuwa ƙarfe takwas ce.