Layuka Goma Sha Ɗaya Na Halvard

Bodø, 3 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Dagny,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafarki ta yi sauƙi, kuma sanyin bana bai matsa muku ba.

Ina rubuto miki ne raina a ɓace. Tsohuwar kwamfutata ta mutu, wata huɗu cif bayan rasuwar mijina Halvard, sai 'yata Turid ta kawo mini sabuwa. Dagny, na'urar banza ce. Na danna maɓallin adanawa, ta goge mini aikin yini biyu na manhajar jadawalin jiragen ruwan tsibiri. Harafi ɗaya nake bugawa, uku su fito. Turid ta tsaya a kaina tana cewa, "Mama, anya laifin na'urar ne? Mu je likita ya duba hannun nan." Na ce mata na fara rubuta manhaja tun ba ta iya ɗaura igiyar takalminta ba. Na san inda ta dosa: in saki aikin, in koma ɗakin bayan gidanta a Oslo. Ba zan koma ba.

Gobe zan ciro fayil ɗin da na tsara aikin kowane maɓalli a cikinsa shekara ashirin da suka wuce. Ban taɓa sake buɗe shi ba, domin abin da na rubuta ba ya neman gyara.

Yayarki,
Ingeborg

Bodø, 5 ga Maris

Dagny ƙanwata,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Na buɗe fayil ɗin. A ƙarƙashin rubutuna akwai layuka goma sha ɗaya waɗanda ba ni na rubuta ba. Halvard ne. Matuƙin jirgin ruwa, mutumin da nake kora daga teburina in ya kawo kofi, don kada ya taɓa mini wani abu!

Kowane layi da kwanan watansa da bayaninsa. Na farko, shekara shida ke nan: "Ƙaramin yatsanta na hagu yana sauka a maɓallin gefe. Na sa na gefen ya yi aikin wancan." Wani: "Hannun yana rawa. In harafi ya maimaitu da sauri, a ɗauke shi ɗaya." Wani kuma: "Gogewa ta yi kusa da adanawa, na kashe ta. Kada Farfesa ta sani, za ta cinye ni ɗanye." Ni ce Farfesar, haka yake kirana.

Shekara shida, Dagny. Ina bugun ƙirji a taro cewa hannuna bai taɓa kuskure ba, Halvard yana gefe yana gyaɗa kai. Yaushe ya koyi wannan? A ina? Na zagi hotonsa da ke kan bango.

Na sa layukansa a sabuwar kwamfutar, na'urar ta koma bin umarnina. Sai dai yatsa na biyu ya fara kaucewa tun Janairu, kuma babu mai lura a bayana. Na rubuta layi na goma sha biyu da kaina, na sa kwanan wata da sunana.

Aikina ba zan sake shi ba, gidana ma haka. Amma na kira likitan jijiyoyi, ya ba ni ranar Alhamis. Ban taɓa roƙonki komai ba tun muna yara. Ki zo ki raka ni.

Yayarki,
Ingeborg