Kwaɗon Malama Rifkatu

Laraba da dare, Sabon Tasha

Malama Rifkatu mai koyar da kimiyya ta dawo da hotunan kwaɗon da na ɗaukar mata a shago. 'Yan ajinta take son nuna wa fatarsa.

Ashe wajen gyara a kwamfuta hannuna ya yi abin da ya saba yi wa amare. Na goge ƙurajen bayansa tas, har haske na ƙara masa.

Ta ce, "Ɗanladi, kwaɗo na kawo maka, ba amarya ba. Ƙurajen ai su ne darasin."

Na wanke mata na asalin.

Ɗazu na duba hoton aurenmu, wanda ni na gyara. Babu tawadar Allah da ke kuncin matata Saratu. Ba ta taɓa yi mini maganar ba.